Neman kalma: me za mu kira "zon difens" a ƙwallon kwando?

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu bin ƙwallon kwando. Akwai kalmar da nake so mu raɗa mata suna yau, wato abin da masu sharhi a Amurka ke kira "zon difens". Masu horar da yara a filayenmu ma haka suke faɗa. Sai ka ji koci ya daka tsawa, "zon! zon!", yara su ja baya su yi cirko-cirko ƙarƙashin kwando, hannuwa a ƙasa, domin a fahimtarsu an ce kowa ya koma gida ya jira. Sunan da na kawo shi ne TSARON GURBI. Ku bar ni in baje dalilaina, sannan mai ja ya ja.

Tsaro iri biyu ne a wasan nan. Na farko, kowane ɗan wasa a ba shi mutum guda, duk inda mutumin ya sa ƙafa yana biye da shi. Wannan ba ya buƙatar dogon nazari, "kowa-da-nasa" ya wadatar. Na biyun shi ne abin da ya tara mu: ba a ba ka mutum, wuri ake ba ka a fili. Wanda ya shigo wurin naka ne, in ya fita ya zama na maƙwabcinka, kai kuma idonka na kan ƙwallo.

A wasan jami'o'in Amurka wannan tsaro makamin mai ƙaramin ƙarfi ne tun da daɗewa. Gasar NBA ta ƙwararrun Amurka ta haramta shi shekara da shekaru, sai a 2001 ta sassauta, kuma ko yanzu mai tsaro ba ya wuce sakan 3 a ƙarƙashin kwando in ba wani ɗan wasa yake tsarewa ba. A jami'a babu wannan doka. A dokokin FIBA, hukumar ƙwallon kwando ta duniya, waɗanda da su ake wasa a Najeriya da Nijar, ita ma babu. Ke nan dabarar da ƙaramar jami'a ke kayar da babba da ita halas ce a Kano da Zariya da Maradi, shi ya sa bai kamata mu bar ta ba suna ba.

Ga wasan da ya fi nuna abin. Ranar 1 ga Afrilu 1985, a Lexington ta jihar Kentucky, wasan ƙarshe na gasar NCAA, wato gasar jami'o'in Amurka: Georgetown da Villanova. Georgetown ce ke riƙe da kofi, don a 1984 ta doke Houston ta Hakeem Olajuwon, ɗan Legas, da ci 84 da 75. Kocinta John Thompson, dogonta Patrick Ewing, kuma sau 2 kacal aka doke ta a kakar kafin wannan dare. Villanova ta koci Rollie Massimino kuwa an doke ta sau 10, biyu daga ciki a hannun Georgetown ɗin ce, kuma a matsayi na 8 cikin 16 aka sa ta a rukuninta.

Massimino ya san in aka ce kowa ya kama nasa, a yi ta gudu sama da ƙasa, Ewing da mutanensa za su cinye su. Sai ya riƙa sauya fasalin tsaro, mafi yawa irin wanda ake tsayawa a wuri amma a manne wa duk wanda ya shigo. Ed Pinckney, dogon Villanova, na jikin Ewing, sauran suna matsowa su toshe hanyar da ƙwallo za ta bi ta isa gare shi. Ewing ya tashi da maki 14. A nasu harin kuma ba gaggawa, domin wannan ne wasan ƙarshe da aka buga a gasar ba tare da agogon jifa ba, wato agogon da ke tilasta a jefa ƙwallo kafin lokaci ya cika. A kaka ta gaba aka kawo na sakan 45. Sau 28 kawai Villanova ta yi jifa a duk wasan, 22 suka shiga. Bayan hutun rabin lokaci sau 10 suka jefa, ɗaya tak ya kuskure. Aka tashi 66 da 64. Har yau babu ƙungiyar da ke ƙasa da matsayi na 8 da ta ɗauki kofin.

Ba na cewa tsaro kaɗai ya ci wasan, jifa irin na daren nan ba kullum ake samunsa ba. Amma ku dubi hanyar da suka biyo kafin nan: Dayton maki 49 ta samu a hannunsu, Michigan 55, Maryland 43, North Carolina 44, Memphis State 45. Tsaron ne ya kawo su bakin ƙofa.

To, wane suna? Na farkon da zai zo bakin mai fassara shi ne "tsaron shiyya" ko "tsaron yanki". Fassara ce daidai, ba a ce ba. Sai dai shiyya a kunnen Bahaushen yau ta gwamnati ce, shiyyar arewa maso yamma, ofishin shiyya. Yanki ma faɗi gare shi. Wurin da muke magana bai wuce taku uku zuwa huɗu ba, kuma mutum ɗaya ke da alhakinsa. Ka ce wa ɗan shekara 12 "tsare shiyyarka", sai ya waiga yana neman inda ta fara.

"Katanga" ta riga ta samu aiki a ƙwallon ƙafa, ita ake jerawa in za a yi bugun tazara. Kuma katanga ba ta motsi, alhali rashin motsin nan shi ne cutar da muke son magancewa. "Tsaron gida" kuwa duk wani tsaro ya haɗa.

Gurbi fa? Mai dara ya san shi: rami ne na ɗa guda, yana da maƙwabta dama da hagu, gaba da baya, kuma darajar ɗan da ke ciki tana ga yadda ya jeru da 'yan'uwansa. Ka ɗaga shi ba lissafi, ka buɗe wa abokin karawa hanya. Girman wurin ya yi daidai, kuma kalmar ta nuna cewa wurin na mutum ɗaya ne a cikin tsari.

Amma babban abin da ya ja ni ga kalmar shi ne ba ita kaɗai take tafe ba. Hausa ta riga ta tanadi "cike gurbi" da "maye gurbi", kowa na faɗarsu, daga zaɓen cike gurbi har gurbin karatu. Cike gurbi kuwa shi ne ran wannan tsaro gaba ɗaya.

Ɗauki tsarin biyu a gaba uku a baya, wanda Jim Boeheim ya shahara da shi a Syracuse, inda ya yi koci daga 1976 zuwa 2023. Ƙwallo na tsakiya, sai aka miƙa ta gefen dama. Na gaba bai iso ba tukuna, don haka na baya na dama ya fito ya tare mai ƙwallo, hannu sama, har na gaban ya ƙaraso, sannan ya koma. Aka sake tura ta kusurwa. Yanzu dole na bayan ya bi ta can, wurinsa ya zama wayam. Dogon tsakiya ya gusa ya cike. Wurin dogon ya buɗe, na baya na hagu ya baro gefensa ya shigo ƙarƙashin kwando. Na gaba na hagu ya sauko layin jifan ƙeta, inda ake tsayawa a yi jifa in an yi wa ɗan wasa ƙeta. Miƙa ƙwallo ɗaya, mutum biyar sun motsa, kuma duk kafin ta sauka a hannun mai karɓa ake so a yi shi. Koci na gefen fili ba ya da lokacin dogon bayani. "Cike! Cike gurbi!" ya isa, yaro ya san wani ya tashi, shi ne zai rufe.

Wanda ya ga yadda wasan ƙarshe na gasar NCAA ta 2003 ya ƙare a New Orleans ya ga haka da idonsa. Syracuse na gaban Kansas da maki 3, saura sakan kaɗan a tashi. Ƙwallo ta isa hannun Michael Lee na Kansas a kusurwa, ba kowa kusa da shi, ya ɗaga zai yi jifan maki uku. Hakim Warrick na Syracuse ya taso daga wajen kwando, ya yi tsalle da dogon hannunsa ya doke ƙwallon ta fita waje. Aka tashi 81 da 78, kofin Boeheim ɗaya tilo. Lee ba mutumin Warrick ba ne. Kusurwa ce ta buɗe, shi kuma ya je ya cike.

Ƙari, bayan na karanta amsoshinku. Na gode ƙwarai, ga abin da zan ce.

Malam, ka ce gurbi wurin kwanciyar kaza ne, kalmar za ta ƙara wa yara zama wuri ɗaya. Allah ya ƙara sani, wannan ita ce suka mafi nauyi da aka yi, kuma ban raina ta ba. Amsata ita ce a koyar da kalmomin biyu rana ɗaya. Kada yaro ya ji "gurbi" sai ya ji "cike" a bayanta. A kuma gaya masa tun farko cewa gurbinsa tafiya yake da ƙwallo: in tana dama, gurbin kowa ya gusa dama. Shiyya da yanki ma ba su tsira daga wannan suka ba, kuma su ba su da wata kalmar motsi da ke rakiyarsu.

Yaya na Damagaram, ka ce ku ma can "zon" kuke cewa, don haka take a Faransanci, me zai sa a taɓa kalmar da ta haɗa mu? Gaskiyarka, kuma ni ba mai gaba da aro ba ne. Gola da fanareti da koci duk aro ne, sun zauna daram, ba mai korarsu. Wanda zai fita wasa waje ma dole ya san "zon". Inda na tsaya shi ne, fanareti abu ne da ake gani sau ɗaya a gane. Wannan kuwa aiki ne da mutum biyar za su yi tare cikin sakan ɗaya, sunan da zai gaya musu abin yi ya fi wanda za su haddace kawai. A bar "zon" ga mai sharhi in yana so, a ba mai koyo tsaron gurbi.

Ƙanwata da ta kawo "ƙawanya", kalmarki ta yi kyau, sai dai gidanta daban. Ƙawanya ita ce mutum biyu ko uku su rufar wa ɗaya. Abin da Fairleigh Dickinson ta yi wa Purdue ke nan a Maris 2023. Fairleigh Dickinson ce ƙungiyar da ta fi kowa gajerun 'yan wasa a babban rukunin jami'o'i a kakar, ga Zach Edey na Purdue mai tsawon mita 2.24 a gabansu. Suka yi ta yi masa ƙawanya, ɗaya gaba ɗaya baya, suka bar sauran 'yan Purdue su yi jifa daga nesa in sun iya. Jifan maki uku 26 Purdue ta yi, 5 suka shiga. Edey ya ci makinsa 21, amma aka tashi 63 da 58, karo na biyu ke nan da ƙungiya mai matsayi na 16 ta fitar da mai matsayi na ɗaya, bayan UMBC da Virginia a 2018. Don haka mu ajiye ƙawanya ga wannan, ta dace da shi kamar don shi aka yi ta.

Baba koci, ka tambaya ko kalmar za ta yi aiki in mu ne ke kai hari. Tana yi, har ma a nan ta fi daɗin baki. Tsakanin gurbi da gurbi akwai kafa, wurin da masu tsaro biyu kowa ke zaton na ɗan'uwansa ne. Babbar kafar tana layin jifan ƙeta, bayan na gaba biyu, gaban dogon tsakiya. Nan Michigan ta ajiye Mitch McGary a wasanta da Syracuse na kusa da na ƙarshe a gasar 2013, bayan Syracuse ta tsayar da Indiana a maki 50 da Marquette a 39. McGary ya karɓa a nan, ya juya, in dogo ya fito masa ya sakar wa na ƙarƙashin kwando, in na gefe suka matso ya tura waje. Sau 6 ya ba da ƙwallon da aka ci, Michigan ta wuce da 61 da 56. Da Hausa sai ka ce wa yaranka: ku shiga kafa, ku tara mutum biyu a gurbi ɗaya mai shi ya rasa wanda zai bi, ku riga su isa kafin kowa ya koma gurbinsa. In an yi jifa kuma ku faɗa kan ƙwallon da ta dawo, domin mai tsaron gurbi ba shi da takamaiman mutumin da zai tokare, nan ne rauninsa.

Wani ya ce a labaran wasanni gurbi na nufin samun shiga gasa, kamar gurbin kofin duniya. Haka ne, amma da an sa "tsaron" a gaba ba mai ruɗewa.

Saura guda da ban gamsu da nawa ba: irin na Massimino, wanda ake tsayawa a gurbi amma a manne wa mai shigowa har a miƙa shi ga maƙwabci. "Gurbi mai kamu" na rubuta, wani ya ce "gurbi da miƙo". Masu horarwa, ku gwada su biyun a atisayen makon nan, ku dawo ku faɗa mana wanda yara suka fi saurin amsawa.