Hajiyarmu ta zo Umara, cikinta ya ɗaure: ina neman shawara

Mai tambaya (Misfala, Makka): Assalamu alaikum 'yan uwa. Mahaifiyata ta zo Umara daga Katsina, tana wajena, shekarunta sun haura 60. Yau kwana huɗu ke nan ba ta zaga ba, ciki ya kumbura, abinci ma sai da lallashi. Ba ta amai, kuma iska na fita. Na lura ba ta shan ruwa idan za mu Harami, wai kada fitsari ya tashe ta daga sahu. Maƙwabciyata ta kawo ganyen sanamaki ta ce in dafa mata. In ba ta, ko in kai ta asibiti?

Wata Hajiya (Sharar Mansur): Allah ya ba ta lafiya, ɗiyata. Kowace shekara haka muke fama da baƙinmu. A gida tuwo da miyar kuka ko kuɓewa, a nan kuwa farar shinkafa da kaza da burodi safe da yamma, ina ciki zai saki? Ki yi mata miyar lalo, da safe ki ba ta ful, wato dafaffen waken nan na Larabawa, da dabino.

Ma'aikacin jinya (Jidda): Gaskiyar Hajiya ce, amma 'yar uwa, ni ruwan nan ya fi damuna. Abinci idan ya bar tumbi bayan 'yan sa'o'i, ƙaramin hanji yake shiga, mai tsawon kamar mita 6. Can jiki ke tsotse amfaninsa, da taimakon ruwan ɗaci da hanta ke haɗawa don narka maiƙo. Ragowar tana isa babban hanji ne ruwa-ruwa. Shi wannan bai wuce mita ɗaya da rabi ba, kuma babban aikinsa janye ruwa ya mayar wa jiki. Duk daɗewar da abin ya yi a can, ƙara bushewa yake, kamar laka a rana. Ga zafin Makka, ga gumin ɗawafi da sa'ayi, ga ƙin shan ruwa. Jiki kuwa sai ya ramo ruwansa daga hanji. Sannan duk wanda ba-haya ya matsa ya danne, motsin yakan lafa, sai ya koma jira. Ganye da wake da dabino suna da harza wadda ba ta narkewa, ita ke riƙe ruwa ta tausasa ba-haya, amma fa sai an sha ruwan. Bayan karin kumallo hanji ya fi motsi, to ta zauna a banɗaki lokacin nan, ba gaggawa, ba yunƙuri mai ƙarfi, don shi ke tayar da basir.

Wani Malami (Madina): Ki gaya wa Hajiya a hankali, hadisin Nana A'isha da Muslim ya ruwaito ya hana yin salla mutum yana matse da fitsari ko ba-haya. Ta sha Zamzam ta ƙoshi, ta sake alwala, ladanta na nan.

Wani matashi: Ni dai duk wata nake wankin ciki da sanamaki, dattin ya fita kaf. A ba ta kawai.

Ma'aikacin jinya: A'a ƙanina, hanji ba ya buƙatar wanki, kullum cikin fitar da abinsa yake. Ba dole ba ne ma a zaga kowace rana. Daga sau uku a yini zuwa sau uku a mako duk lafiya ne. Sanamaki zaburar da hanji yake yi, yana murɗa ciki, kuma dafaffen ganye ba shi da ma'auni. Gudawa ga dattijuwar da ruwan jikinta ya riga ya yi ƙasa ba abin wasa ba ne. 'Yar uwa, idan kika ga amai, ko jini, ko murɗa mai tsanani, ko iskar ta daina fita, asibiti kai tsaye. Motar ɗaukar marasa lafiya 997 ce. Akwai maganin da take sha?

Mai tambaya: Akwai na hawan jini, da na ƙarin jini da aka rubuta mata kafin ta taso.

Ma'aikacin jinya: To, na ƙarin jinin nan an san shi da ɗaure ciki, har yakan mayar da ba-haya baƙi, wasu na hawan jinin ma suna ɗaure cikin. Kada ki tsayar da su da kanki. Ki kira 937, layin ma'aikatar lafiya, yau ɗin nan, ki karanta wa likita sunayensu daga jikin kwali, ki tambaye shi ko za ta iya shan lactulose, maganin tausasa ba-haya.