Neman kalma: threshold, upload da motion detection a jagorar kyamarar kwamfuta

Tafinta:
Assalamu alaikum. Ina fassara jagorar saita Motion, manhajar nan ta Linux da ke mayar da kyamarar kwamfuta ta zama ta tsaro, kuma ranar Alhamis za a karɓi aikin. Kalmomi uku sun tsaya mini a wuya: motion detection, threshold da upload. Ta farko na sa mata "gano motsi". Ta ƙarshe ina tsakanin "loda" da "ɗora". Threshold ce ban samo mata komai ba sai "iyaka", kuma jimlar ta ƙi zama: "Idan fiksel ɗin da suka canza suka wuce iyaka, manhajar za ta ajiye hoto." Fiksel dai su ne ƙananan ɗigon da ke haɗuwa su zama hoto. A taimaka.

Injiniya:
Wa alaikumus salam. Ɗora, kada ma ka tsaya tunani. Mai cewa "na loda" yana iya nufin ya kwafa daga kwamfuta zuwa waya, yana iya nufin ya jawo daga intanet. Ɗora kuwa tana da abokiyar tafiya, wato sauke, kuma kowa ya san wacce ke hawa wacce ke sauka.

Iyaka ce ba za ta yi ba, kuma ba don daɗin kunne ba. A cikin motion.conf, fayil ɗin saitin manhajar, akwai threshold, akwai kuma threshold_maximum. Ta farko ita ce adadin da in an haura shi manhajar za ta ce an yi motsi, asalinta 1500. Ta biyu ita ce rufi: in canjin ya haura ta, sai a yi watsi da shi. Bahaushe in ya ji iyaka, inda ake tsayawa yake ji, ba inda ake farawa ba. In ka ba ta farko "iyaka", me za ka kira ta biyu?

Hajiya Linux:
Malam Tafinta, kafin a raɗa suna a san jaririn. Manhajar ba ta ganin motsi. Tana riƙe da hoton da take kwatance da shi, duk sabon firam (hoto ɗaya cikin jerin da kyamara ke ɗauka) da ya shigo sai ta duba fiksel ɗaya bayan ɗaya. Hasken kowane fiksel lamba ce daga 0 zuwa 255. In bambancin ya haura noise_level, wanda asalinsa 32, sai ta ƙirga shi cikin waɗanda suka canza. Bayan nan ne take auna jimillar da threshold. Ke nan ma'auni biyu ne a jere, ɗaya na kowane fiksel, ɗaya na yawansu. Duk kalmar da za ka zaɓa sai ta bar wa ɗayan wuri.

Kuma 1500 ɗin nan ba ta da ma'ana sai an faɗi girman hoto. Hoto mai 640 sau 480 fiksel 307,200 ne, 1500 ba ta kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba. Ka koma 1280 sau 720, fiksel 921,600, ninki uku cif. Ka bar ta a 1500, ganye ya kaɗa sai hoto. Sai ka kai ta wajen 4500 kafin ka dawo inda kake.

Baba Malam:
Ni tun daga jimlarka ta farko na tsaya. Kyamara, fiksel, firam, Linux. Ina Hausar? Mun bar gini muna ta shafe. "Gano motsi" ma ba suna ba ne, aiki ne da karɓau, kamar ka ce "ɗebo ruwa". Harshenmu yana da hanyar ƙera sunan kayan aiki da ɗafa-goshin ma-: mabuɗi, ma'auni, madubi, matsefi. Ina ba da shawarar matsinkayi, daga tsinkaya. Matsinkayin motsi. Ku faɗe ta sau uku ku ji yadda take zama a baki.

Injiniya:
Baba, Allah ya ƙara girma, amma motion detection aiki ne, ba na'ura ba. Matsinkayi zai fi dacewa da ɗan farin ƙoƙon nan da ake kafawa a bango, PIR, wanda ke jin zafin jikin mai wucewa. Shi kam abu ne da za ka riƙe a hannu. Wannan kuwa lissafi ne cikin manhaja. In aka ba su suna ɗaya, mai karatu zai ɗauka kyamararsa tana jin ɗumin jiki, alhali inuwar gajimare ma tana tayar da ita.

Ɗan Rediyo:
Gara da Baba bai ɗauko ta daga "gani" ba, da mun kwana da maganin motsi.

Baba Malam:
Ku yi dariya. Haka aka yi wa na'ura mai ƙwaƙwalwa dariya, yau ga ta a bakin 'yan jarida. Ku matasa in Bature bai haifi kalma ba ba kwa yi mata wanka.

Ɗan Rediyo:
Tana bakin 'yan jarida, Baba, amma wanda tasa ta lalace "kwamfuta" yake cewa. Kuma ba Bature ɗaya ba ne. Masu sauraro a Nijar da Faransanci suka saba, inda télécharger ke ɗaukar hawa da sauka duka biyu, har sai da aka kawo téléverser don a raba. Shi ya sa nake bayan ɗora da sauke, ba su jingina da Ingilishi ko Faransanci ba.

Hajiya Linux:
Mu koma kan threshold, Alhamis ba ta jira. Ina da kalma: nisabi. Adadin da in abu ya kai shi hukunci ya hau, in bai kai ba babu komai. "Idan fiksel ɗin da suka canza suka haura nisabi, manhajar za ta ajiye hoto." Kowa ya san nisabi ƙasa yake, ba sama ba. Sai a bar "iyaka" wa threshold_maximum, inda ta dace.

Tana kuma warware wani ruɗani. Wasu manhajojin ba sa nuna threshold, sai wani maɓallin ja mai suna sensitivity, kuma su biyun kishiyoyi ne: ƙara sensitivity, kyamara ta ƙara saurin tashi, ƙara threshold, ta ƙara nauyin jiki. Da nisabi ba sai an yi dogon bayani ba. An ɗaga nisabi, masu kai shi sun ragu.

Tafinta:
Hajiya, wannan ta shiga. Jimlar ta zauna daram.

Baba Malam:
Ba ta shiga ba. Na farko, Larabci ce, kun gudu daga aro kun faɗa aro. Na biyu, kalmar fiƙihu ce, ba a ɗauko ta daga babin zakka a kai ta ƙirgen ɗige-ɗigen hoto. Akwai "mizani", akwai "ma'auni", akwai "gaci".

Injiniya:
Mizani ma Larabci ce, Baba. Haka "lissafi", haka "harafi", haka "nahawu" da kuke koyarwa. Ma'auni kuwa abin da ake awo da shi ne, ba inda awon ya kai ba. Gaci ƙarshe ne, matsalar iyaka ta dawo.

Amma magana ta biyu tana da nauyi. Ba duk mai karanta jagorar ne ya san nisabi ba, wanda ya sani kuma yana iya jin wani iri.

Baba Malam:
Waɗancan sun yi ɗaruruwan shekaru a gidanmu, sun zama 'yan gida. Ba a haɗa su da fiksel da ya zo jiya. Kuma har yanzu ba wanda ya kawo hujjar nahawu a kan matsinkayi.

Ɗan Rediyo:
An kawo, Baba, ba a karɓa ba ne.

Injiniya:
Malam Tafinta, bar su, ga abin da zai cije ka a sashen ɗora hotuna, don "aika" za ta yi ta leƙo maka. Motion ba ta ɗora komai da kanta. Tana ajiye hoto a target_dir, wato ma'ajiyar da ka zaɓa mata a kwamfutar, sannan ta kira umarnin da ka rubuta a on_picture_save, tana miƙa masa sunan fayil ta %f. Yawanci curl, umarnin tura fayil ta intanet, ake sawa da -T, ya kai hoton saba (server, kwamfutar da ke karɓa ta ajiye) ta FTP, wata hanyar tura fayil. Wannan shi ne ɗorawa: fayil ya je ya zauna a wani wuri. In imel ne, wannan aikawa ce. Abin da ake kallo kai tsaye ta tasha (port) 8081 kuma ba ɗaya daga cikinsu, hoto ne mai gudana, ba ya zama ko'ina. Fi'ili uku, kada ka cakuɗa.

Abu biyu ka tabbata sun fito sarai a fassarar. FTP tana tura kalmar sirri a fili ta tasha 21, in sabar ta yarda a koma SFTP, wadda ke ɓoye ta, ta tasha 22. Sannan picture_output. In ka sa "on" kuma kyamara na ɗaukar firam 15 a daƙiƙa, motsin minti ɗaya hoto 900 ne, kowanne da nasa curl. Layi mai rauni zai shaƙe, hotuna su riƙa isa a makare ko a guntule. "first" tana ba ka hoton farko nan take. "best" tana zaɓar wanda ya fi yawan canji, amma ba za ta ajiye shi ba sai abin ya lafa, wato sai event_gap, lokacin da ake jira bayan motsi ya tsaya, ta cika, asalinta daƙiƙa 60. In ɓarawo ya cire wayar wuta kafin nan, ba abin da ya hau.

Hajiya Linux:
Ƙari: in shafi ne ke nuna hoto ɗaya da ake ta sabuntawa, a ɗora shi da sunan wucin gadi, in ya gama hawa a canza suna. In ba haka ba mai kallo zai riƙa cin karo da rabin hoto, ƙasansa toka-toka.

Tunda an taɓo event_gap, "event" me ka sa?

Tafinta:
"Aukuwa". Noise kuma na sa "hayaniya", mask na sa "takunkumi".

Hajiya Linux:
Aukuwa ta wuce. Sauran biyun a'a. Noise a nan ba sauti ba ne, ɗige-ɗigen nan ne da ke rawa a hoto in haske ya yi ƙasa, don kyamara tana ƙara ƙarfin siginar da ba ta isa ba. Su ne ke sa hotunan banza su cika faifai da dare, kuma su despeckle_filter ke sharewa, galibi da saitin EedDl. Mask kuwa hoto ne na PGM, wani nau'in fayil na hoto marar launi, mai girman na kyamara daidai: inda ka shafa baƙi manhaja ba ta ƙirga canji, inda ka bar fari tana ƙirgawa. Da shi ake kawar da bishiya ko titi. Takunkumi baki yake rufewa. Ni "shamaki" zan ce.

Baba Malam:
Shamaki na yarda. Ga Hausa nan in an so. Noise kuma a ce "dusar hoto".

Injiniya:
Ko "yayyafi", yadda ya fi kama da abin da ido ke gani. Dusa ba ta motsi, kuma motsin ne matsalar.

Ɗan Rediyo:
In ka rubuta "yayyafi yana tayar da kyamara", za a ɗauka ruwan sama kake nufi. Kuma ruwan saman ma yana tayar da ita.

Tafinta:
Na gode ƙwarai. Ga inda na tsaya: ɗora da sauke, gano motsi, aukuwa, shamaki, iyaka wa threshold_maximum. Threshold zan rubuta "mafi ƙarancin canji" a kan sashe saboda maganar Baba, a cikin bayani kuma in ce "kamar nisabi" sau ɗaya. Noise na bar shi "ɗige-ɗigen hoto" har a samu wadda ta fi. Matsinkayi zan ba PIR, ya fito sau biyu a babi na huɗu.

Hajiya Linux:
"Mafi ƙarancin canji" kalma uku ce, kuma za ka maimaita ta a kowane shafi. Kafin ka kai babi na uku da kanka za ka koma nisabi.

Baba Malam:
Sau biyu. To, a rubuta ta daidai dai, matsinkayi, jam'i matsinkayai. Fiksel ɗin nan kuma ban gama da shi ba.

Tafinta:
Baba, bayan Alhamis. Saura lightswitch_percent, wadda ke hana kunna fitila ya zama motsi. Akwai mai kalma?