Kwat na ulu a garin Kano: adanawa, ragewa da gyara

Lauya, Nasarawa:
Assalamu alaikum. Ina roƙon 'yan uwa kowa ya faɗi abin da ya gani da idonsa game da kula da kwat na ulu a garin nan. Aikinmu ya wajabta mana sanya baƙin kwat a kotu, ko da a watan Afrilu ne da zafi ke haura digiri 40, don haka gumi da ƙura ba sa barinsa ya huta. Nawa ya dawo daga hannun wani mai wanki da guga ƙirjinsa ya kumbura nan da can, kafaɗunsa kuma suna ƙyalli. Shin yana gyaruwa?

Tela, Sabon Gari:
Wa alaikumus salam, Barista. Irin wannan yana yawan zuwa shagona, kuma dalilin ɗaya ne: an yi wa ulu hidimar shadda. Shadda tana son ruwa da sitaci da bugu, shi kuwa ulu gashin tunkiya ne, idan ya haɗu da ruwan zafi da cuɗa sai zarensa ya cuɗe, yadin ya ƙanƙance, kuma ba ya komawa yadda yake. Kumburin ƙirjin daga ciki yake, domin yawancin kwat na kanti ana liƙa musu wani ƙyalle da gam tsakanin yadi da shafi don gaban ya tsaya, to ruwa da zafin dutsen guga su ne suke ɗaga gam ɗin. Gaskiya ba zan yi maka alkawari ba, ko an danne shi ya kwanta yakan sake tasowa. Ƙyallin kafaɗa kuwa yakan ragu idan aka shimfiɗa farin ƙyallen auduga mai ɗan danshi a kai, aka riƙa ɗora dutsen ana ɗagawa ba tare da an ja shi ba, sannan a bi da burushi mai laushi. Kada dutsen ya taɓa ulu kai tsaye, musamman na gawayi da ba a iya daidaita zafinsa.

Ma'aikacin banki, Tarauni:
Ni a gwanjon Ƙofar Wambai nake saye, kuma abin da na fara dubawa shi ne kafaɗa. Idan kafaɗa ta zauna, sauran mai sauƙi ne: tela ya rage mini ƙugu ta ɗinkin baya da na gefe, ya kuma rage tsawon hannu. Buɗawa ce mai wuya, sai an ɗaga shafi an ga ko an bar rarar yadi a cikin ɗinkin. A lokacin hunturu kullum na dawo gida nakan kakkaɓe shi da burushi daga wuya zuwa ƙasa, in rataye shi a inuwa a hanga mai faɗin kafaɗa, kuma ba na sa shi kwana biyu a jere.

Uwargida, Gwale:
Malam tela ya yi bayani, Allah ya saka da alheri. Abin da zan ƙara shi ne batun asu. Kwat ɗin maigidana ya shafe damina a cikin ledar masu wanki, da muka buɗe sai warin fumfuna, ga ƙananan huji biyu kusa da aljihu inda miya ta taɓa ɗiga. Tsutsar asu gumi da ragowar abinci take bi, saboda haka yanzu ba na adana shi sai yana da tsabta kuma ya bushe sarai. Na ɗinka masa riga da farin yadin auduga don iska ta riƙa shiga, nakan kuma ƙulle kafur a ƙyalle in ajiye a ƙasan wadirob, ba a jikin kwat ɗin ba.

Tela, Sabon Gari:
Hajiya, kada a bari a bi hujin nan da keken ɗinki, wurin zai tattare ya fi hujin muni. Ana zaro zare daga cikin kalmasar kwat ɗin kansa, a saƙa wurin da allura da hannu ta bin saƙar yadin. Aiki ne mai cin lokaci, kuma a yadi mai duhu ya fi ɓuya, don haka a nemi tela ya nuna wanda ya taɓa yi kafin a bar masa kayan.