Shin mai koyon Sifaniyanci ya riƙe "usted" da kowa?

Baban Khadija: Assalamu alaikum. Ra'ayina shi ne duk wanda ya fara koyon Sifaniyanci ya riƙe "usted", wato "kai" ko "ke" na girmamawa, da kowa, ya ajiye "tú", wato "kai" ko "ke" na sabo da kusanci, sai ranar da aka yi masa izini. Bambancin ba ya tsayawa ga wakilin suna kawai, yana shiga cikin aikatau, shi ya sa ake ce wa dattijo "¿cómo está?", a ce wa aboki "¿cómo estás?", dukansu kuwa "yaya kake?" suke nufi. Baƙon da ya girmama yaro bai yi asara ba, amma wanda ya kira likita ko jami'in shige da fice da "tú" ya ɓata wa kansa tun kafin ya faɗi buƙatarsa.

Maman Sadiq: Wa alaikumus salam, Malam. A gaban jami'i maganarka daidai ce, amma a Sifaniya kanta ba za ta yi aiki ko'ina ba. Tun bayan mutuwar Franco, shugaban mulkin kama-karya na ƙasar, a 1975 "tú" ya ƙara mamaye hulɗar yau da kullum, har ta kai ɗalibai da yawa suna kiran malamansu na jami'a da shi, abokan aiki ma haka suke yi da shugabanninsu. Idan ka ce wa mai matsakaicin shekaru "usted" a Madrid, yana iya ɗauka ka mayar da shi tsoho, ko kuma kana nesanta kanka da shi da gangan. Girmamawar da ka yi nufi sai ta koma shamaki.

Ɗan Zariya: Yaya, kin yi magana a kan ƙasa ɗaya, alhali ƙasashe ashirin ne suka ɗauki harshen a hukumance. A Bogota da sauran garuruwan tsaunukan Kolombiya, miji da mata suna kiran juna "usted", uwa ma tana kiran ɗanta da shi, kuma haka abin yake a gidaje da yawa na Kosta Rika. A yankin Boyaka na Kolombiya har yanzu ana jin "sumercé", wanda ya haɗa ladabi da ƙauna. Don haka a can shawarar Malam ba ta da aibi, sai dai ba domin nesantawa ake faɗinsa ba.

Baban Khadija: Na gode, ƙanena. Wannan ya ƙarfafa hujjata.

Maman Sadiq: Rabinta kawai ya ƙarfafa, ranka ya daɗe. Mu ɗauki Ajantina da Urugwai, inda "vos" ya maye gurbin "tú", ake cewa "vos tenés" da "vos sos". Mai shago a Buenos Aires yakan yi wa baƙo "vos" tun gaisuwar farko, kuma wanda bai taɓa koyon siffar ba zai rikice ko da shi kansa "usted" yake amfani da shi. Matsalar riƙe siffa ɗaya ita ce mutum ba magana kaɗai yake yi ba, saurare ma yake yi. Haka kuma a jam'i, yawancin Sifaniya suna ce wa abokai "vosotros", amma Latin Amurka da tsibiran Kanari "ustedes" suke faɗa wa kowa.

Ɗan Zariya: Akwai kuma wahalar da littattafan koyarwa ba su cika ambata ba. A Kuba da Jamhuriyar Dominika mutane sukan haɗiye harafin "s" na ƙarshen kalma, har "estás" da "está" su yi kusan zama ɗaya a kunnen baƙo. Abin da nake ba ɗalibi shawara shi ne ya fara da "usted" ga dattawa da jami'ai, sa'an nan ya lura da yadda aka amsa masa. Idan aka ce masa "puedes tutearme", wato "kana iya kira na da tú", to ya sauya nan take, domin ci gaba da "usted" bayan an yi maka tayin kusanci ƙin karɓar tayin ne.

Baban Khadija: Na amince da batun sauyawa idan an yi tayi. Amma ga surukai da tsofaffi, ko a Madrid ne, ni dai ba zan fara da "tú" ba sai su da kansu sun buƙaci haka.