Ina kuke duba ma'anar Turancin gayu?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Turancin littafi ba ya ba ni wahala, amma da na kunna fim ko na shiga TikTok sai in ji kamar wani yare ake yi. Wane ƙamus kuke dubawa idan kalmar sara ta shige muku duhu?

Ɗalibi: Wa alaikumus salam. Ni Urban Dictionary nake fara buɗewa, don sabuwar kalma kan isa can tun manyan ƙamusoshi ba su san da ita ba. Tun 1999 yake aiki. Sai dai kowa na iya rubuta ma'ana, masu karatu su jefa ƙuri'a, shi ya sa barkwanci da batsa suka yi yawa. Nakan karanta ma'anoni da dama in ɗauki inda bakinsu ya zo ɗaya.

Malamar Turanci: Ɗan uwa, sanin ma'ana rabin aiki ne, saura sanin gaban wanda za ka faɗe ta. Ɗalibaina ƙamus ɗin Cambridge nake tura su, saboda yana sa alama a jikin kalma: wannan ta hira ce, wannan zagi ce, wannan ta Amurka, wannan ta Birtaniya. Ɗauki "pissed". Ba'amurke na nufin ransa ya ɓaci, Baturen Ingila kuwa yana nufin mutum ya yi tatul da giya. Na taɓa ganin ɗalibi ya haddace jerin kalmomi daga wata manhaja, ya zuba su a wasiƙar neman aiki. Allah ya sa ni ya fara nuna wa.

Mai fassara: Gaskiyarki Malama. A wajen aiki ni Green's Dictionary of Slang ne madogarata. An buga shi juzu'i uku a 2010, yanzu kyauta ne a intanet, kuma kowace ma'ana da misalanta da shekarunsu, sai ka gane ko kalmar ta tsufa. Amma ya yi wa sabon shiga nauyi.

Ɗalibi: Na manta da YouGlish. Ka rubuta kalma, ya jero maka bidiyoyin YouTube daidai inda aka furta ta.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya saka da alheri. Malama, idan kalmar ba ta cikin Cambridge fa?

Malamar Turanci: To ka fahimce ta, amma kada ka yi gaggawar faɗinta sai ka ji ta a bakin masu harshen.