Abin da aka tattauna kan tashoshin gajeren zango marasa suna

Masu bibiyar rediyo a ƙauyukan Ringim da Gumel sun yi ittifaƙi cewa ƙaramar rediyon jin BBC ba ta wadatarwa wajen kamo waɗannan tashoshi, waɗanda ba sa faɗin sunansu, sai dai su karanto lambobi ko su yi ƙara kawai. A nemi mai SSB (tsarin kamo muryar da aka aiko ta gefe ɗaya na zango), kamar Tecsun PL-660, domin yawancin waɗannan tashoshi a USB suke, wato gefen sama na SSB, in babu shi sai muryar ta fito a shaƙe.

Eriya ta fi komai muhimmanci. Wayar tagulla mita 10 zuwa 20 ta isa, a ɗaura ta daga indararo zuwa bishiyar darbejiya, nesa da wayar lantarki. Inbatar sola, cajar waya da ƙwan LED su ne ke cika rediyo da ƙara, don haka a kashe su, a koma batir. Da damina kuwa, da an ga walƙiya a cire eriyar.

Ƙasa da 10 MHz sai bayan magariba. A gwada 4625 kHz, inda tashar Rasha da ake kira UVB-76 ke ta ƙugi, jefi-jefi murya ta karanto sunaye da lambobi. A rubuta lokaci da UTC, agogon da duniya ke amfani da shi, wato a rage awa ɗaya daga agogon Najeriya.

Manufarsu fa? Nan aka yi saɓani. Masu karanto lambobi biyar-biyar dai akwai hujja: Ana Montes, ma'aikaciyar gwamnatin Amurka mai yi wa Kuba leƙen asiri, da Amurka ta kama a 2001, ta irinsu take karɓar saƙon Kuba. UVB-76 kuwa an fi danganta ta da sojan Rasha. Warware lambobin ɓata dare ne, domin mabuɗin sirrin da ake fassara su da shi, sau ɗaya ake amfani da shi.