Kwana nawa ƙaramar tukunyar gas take yi idan an fita da ita?

Malamin Islamiyya, Agege

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka saba girki a waje. In Allah ya yarda ƙarshen wata za mu fita da manyan ɗalibanmu zuwa Tarkwa Bay, wani bakin teku a Legas, kwana 3, mu 12 har da ni da wani malami. Wurin sai ta jirgin ruwa, don haka duk abin da ya ƙare mana ba mai tsallakawa ya sayo cikin sauƙi. Muna da kamp gas mai kilo 6, wato ƙaramar tukunyar gas mai kan girki a samanta, da fitilar gas da wani bawan Allah ya ara mana. A gida tukunyar takan kai mu kusan mako uku, amma gida mu huɗu ne, kuma a kicin ake girkin. Za ta ishe mu? Yaran mutane ne a hannuna, ba na so a kwana da yunwa.

Mai shayi, Zangon Agege

Wa alaikumus salam Malam. Shekarata 9 a kan teburin shayi, kuma abin da na gane shi ne gas bai san kwana ba, awa ya sani. Ni mai kilo 12.5 nake da ita, kai biyu, ɗaya na ruwan zafi, ɗaya na Indomie da ƙwai. Tsakanin safe da dare wuta takan yi awa 7 tana ci. Kwana 4 zuwa 5 nake yi in je in ɗuro. Da na zauna na lissafa, sai na ga kowane kai yana shan wajen giram 200 a awa. To in naka kan haka yake sha, kilo 6 awa 30 ke nan. Ka ƙirga awa nawa za ku kunna wuta a rana, amsarka tana nan.

Amma kafin komai ka aza ta a sikeli. Ni wajen mai albasa na kusa da ni nake awo. A wuyan tukunyar ko a gindinta akwai inda aka buga TW da lamba, wannan nauyinta ne ba komai a ciki. Ka cire shi daga abin da sikeli ya nuna, ragowar shi ne gas ɗinka.

Direban tirela, Apapa

Malam, mu da muke kwana a layin shiga fot mun san wannan lissafin. Ni mai kilo 3 nake yawo da ita. In ni kaɗai ne, shayi da safe, taliya ko shinkafa da yamma, tana kai ni kwana 20. Akwai wani zuwa da na yi fot ɗin Tin Can da damina, muka daɗe a layi, iska kullum daga ruwa take kaɗawa, kwana 12 ta ƙare. Girkin bai ƙaru ba, iskar ce take kwashe wutar ta yi gefe da ita, ruwan da zai tafasa a minti 10 sai ya kusa 20. Inda za ku je bakin teku ne sosai, ya fi inda nake iska. Ku tafi da abin tarewa. Ni guntun langa-langa na lanƙwasa, ina kafa shi ta ɓangaren da iskar ke zuwa kawai. Kada ku zagaye tukunyar gas ɗin gaba ɗaya, zafi zai taru a jikinta.

Sai abu ɗaya da nake roƙonka saboda Allah. Ko ruwa ake kamar da bakin ƙwarya, kada yaro ya shiga da gas cikin tanti. Na taɓa kunnawa a cikin kan mota da gilasai a rufe saboda ruwan sama, ban yi minti 20 ba kaina ya fara sarawa, jiri ya ɗebe ni. Yaron motata ne ya buɗe ƙofa. Abin da wutar ke fitarwa a rufaffen wuri ba shi da wari, ba za ka ji shigarsa ba.

Hajiya mai abinci, Idi-Araba

Malam sannu da ƙoƙari, Allah ya ba da lada. Maza sun yi maka lissafin awa, ni bari in yi maka na tukunyar girki, don abin da za ku dafa shi ne zai ci gas ɗin. Shinkafar mutum 12, daga ɗora ruwa zuwa saukewa, ka sa mata awa ɗaya a kan ƙaramin kai irin naku. Miya ma kusan haka. Wake kuwa in ba a jiƙa ba zai iya cinye awa 2 shi kaɗai. Na taɓa bin 'yan uwa biki Epe muka yi girki a fili, wake da shinkafa na rana ɗaya ya sha mana gas fiye da duk sauran girkin kwana biyu, don wadda aka ba aikin jiƙawa ta manta.

Shawarata, a soya miyar tun daga gida, a soya ta sosai da mai yadda za ta kwana biyu, can ɗumamawa kawai za ku yi. Wake a jiƙa shi tun dare. Ku tafi da filas babba guda biyu, in an tafasa ruwa da asuba a juye, kada kowa ya zo ya kunna wuta don kofi ɗaya. Murfi kuma kada ya bar kan tukunya. Da zarar abu ya tafasa a rage wutar, buɗe ta duka ba ya sa shinkafa ta nuna da wuri. In kun yi haka awa 4 ko 5 a rana ta ishe ku, wato kusan kilo ɗaya kullum.

Kuma ku kula da girman tukunyar girkin. Kamp gas a tsaye take, kan yana samanta. In ka ɗora babbar tukunya a kan rairayi, yaro ɗaya ya gifta ya taɓa ta sai a ƙasa. Gara ku raba girkin gida biyu a matsakaiciyar tukunya, ku kuma nemi katako mai faɗi ku aza gas ɗin a kai.

Baba mai tsire, Obalende

Ba wanda ya taɓo fitilar. Ɗana, ka duba ta da kyau, in irin wadda ake murɗawa a bakin tukunya ce, to bakin ɗaya ne da na kan girki. Ba za ka yi girkin dare kana da haske ba, sai ka cire wannan ka sa wancan, kuma cirewa da mayarwa a kai a kai shi ke kashe robar bakin ta fara yoyo. Ka nemi mai kilo 3 ka ware wa fitilar. Ni na yi shekaru da ita a kan tebur kafin fitilun caji su yawaita. Ba ta da ci kamar kan girki. Daga magariba zuwa sha biyun dare, kilo 3 takan yi mini kwana 9 ko 10. Ku kwana 3 ko kilo ɗaya ba za ku ƙarar ba. Abin da zai ba ka wahala lagwaninta ne, farin nan mai kamar raga. In aka ƙona shi sau ɗaya ya zama toka, girgizar jirgi kaɗai ta isa ta ruguza shi. Ka sayi uku ko huɗu ka sa a aljihu, kada ka ɗaura sabo sai kun sauka.

Ɗalibin injiniya, Yaba

Baba ya yi gaskiya, kuma lissafinsa ya zo daidai da abin da ake rubutawa a kwalin irin waɗannan fitilun, yawanci tsakanin giram 40 da 80 a awa. Ga wanda kan girkinsa ke da rubutun kilowat a jiki, kowane kilowat ɗaya yana cin giram 70 da ɗoriya a awa, don haka kai mai kilowat 3 in an buɗe shi duka ya ɗan haura giram 200 ɗin da Malam mai shayi ya auna.

Na taɓa fita da abokai da ɗan murhun nan mai kama da jaka, wanda ake saka masa gwangwani mai giram 220. Mu huɗu muka sayi gwangwani 3 muna ganin sun yi yawa. Kowane ɗaya bai wuce awa ɗaya da rabi ba da wuta a buɗe, rana ta biyu da azahar muka koma itace. Malam, in wani ya ce ku tafi da irinsa saboda sauƙin ɗauka, ga mutum 12 ba zai yi ba.

Agogon auna gas da ake sayarwa ana ɗaura wa tukunya ma kada a dogara da shi. Gas ɗin a ciki ruwa ne, tururinsa ne yake fitowa, kuma matsin tururin ba ya sauka sosai sai ruwan ya kusa ƙarewa. Allurar za ta zauna a kore har ranar da za ta faɗi gaba ɗaya.

Direban tirela, Apapa

Ƙanena, ni girgizawa nake yi in saurara, kuma ban cika kuskure ba.

Ɗalibin injiniya, Yaba

Yaya, kai ka shekara da taka tukunyar, hannunka ya san nauyinta.  In ba sikeli, Malam ya kashe wutar, ya zuba ruwan ɗumi a gefe ɗaya daga sama zuwa ƙasa, ya shafa da hannu. Inda ƙarfen ya riƙe ɗumi ba komai, inda ya ji sanyi nan gas ɗin ya tsaya.

Hajiya mai abinci, Idi-Araba

Na manta, ku haɗa kumfar sabulu ku shafa a bakin bayan kun murɗa kan. In ta yi ta ƙwai-ƙwai akwai yoyo. A gwada tun a gida, inda za a iya sauya roba.

Malamin Islamiyya, Agege

Alhamdu lillahi mun je mun dawo lafiya jiya da yamma. Allah ya saka wa kowa da alheri. Ga yadda ta kasance, ko wani zai amfana.

Bayan na ɗuro na kai ta sikeli kamar yadda Malam mai shayi ya ce. TW ɗin 7.2 ne, ya kamata in ga 13.2, sai na ga 12.6. Na koma wurin da na ɗura, aka sake aunawa a gabana aka cika mini. Da ban auna ba da gibin giram 600 zan tafi, wato girkin awa 3.

Mun yi shayi da asuba, abinci da rana, abinci da dare. Miya daga gida, wake sau ɗaya kuma a jiƙe. Daren farko ban kafa langa-langar daidai ba, taliya ta ɗauke mu lokaci mai tsawo har yara suka fara gyangyaɗi, washegari na gyara. Da muka dawo na sake aunawa, 9.4. Kilo 3.8 ke nan muka ƙona a kwana 3, ya ɗan haura lissafin Hajiya, ina ganin iskar ce da kuma ruwan wanka da muka ɗumama wa wani yaro da zazzaɓi ya kama.

Fitilar na ware mata mai kilo 3 da maƙwabcina ya ara mini. Giram 800 ta ci, daga magariba zuwa bayan karatun dare. Lagwani biyu suka tafi, ɗaya a hannuna wajen ɗaurawa, ɗaya iska ta kaɗa fitilar a dare na biyu. Baba, sauran biyun suna nan, in na shigo Obalende ranar Juma'a zan kawo maka.